Hannun Malam Sammani

Kura, Jihar Kano
Watan Oktoba

Zuwa ga autata Ummukulsum,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kuna lafiya ke da maigidan, kamar yadda muke nan lafiya. Yaya ruwan saman da kika ce ba ya ɗaukewa a Malesiya? Ki gaya wa angona Amiru na ga hotonsa da giɓi, in bai yi haƙora ba kafin ku dawo, ni na fasa auren.

Kamar kullum, a takarda na rubuta zan ɗauki hotonta in turo miki. Kada ki sake yi mini wa'azin rubutu a waya. Wadda ta ƙare ƙuruciyarta tana koyar da rubutu a firamare ba za ta tsufa tana dangwalar gilashi da yatsa ɗaya ba.

Ummu, na ga babanku ranar kasuwa. Kada ki firgita, da hankalina. Na tsaya a rumfar wani mai shinkafa ina taya tiya, sai idona ya faɗa kan buhun da ke bayansa. An rubuta Shinkafa Mai Ƙamshi, 'Yar Kura. Ga Ƙ ɗin nan tasa da ƙugiyarta ta lanƙwaso kamar lauje, ga harafin a ɗinsa mai ƙaton ciki da nake yi masa tsiya a kai. Ko shekara bai yi a kabari ba, buhun kuwa sabo fil. Mai rumfar ya miƙo mini benci na zauna.

Sai da na sha ruwa na tuna aikinki ne. Na tuna zuwanki na ƙarshe kafin ciwonsa ya yi tsanani, yadda kika bi allunan da ya rubuta daga bakin kanal ɗin ruwan noman rani har Kwanar Gafan kina ɗaukar hoto, kika kuma zaunar da shi ya zana miki kowane harafi a farin kati da burushinsa. Kika mayar da su haruffan kwamfuta, kika sa musu sunansa, kika ce za ki sake su a intanet kyauta.

Na tuna ranar da kike fassara mana takardar lasisin a zaure. Kin ce kowa a duniya yana iya ɗaukar haruffan ya yi aiki da su, ba biya ba neman izini, littafi ne ko buhu ko allon shago, ko da kuwa abin sayarwa zai buga. Yana iya ba wa wani, yana iya gyara su yadda ransa yake so, sai dai in ya gyara dole ya sauya musu suna, kuma ba a yarda wani ya ware haruffan su kaɗai ya sayar ba. Kika ƙara da cewa in an saki an saki ke nan, babu janyewa. Ni a wannan gaɓar na tsaya. Shi kuwa abu ɗaya ya dame shi, ko da gaske Ƙ da Ɗ da Ɓ za su riƙa fita da ƙugiyarsu. Kin san bai taɓa yafe wa wanda ya buga allon walima ya rubuta ana maraba da baki ba, a maimakon baƙi. Da kika tabbatar masa, sai ya yi dariya ya ce ki sake su, sadaka ce mai gudana, shi ma ya samu abin da zai riƙa bin sa kabari.

To ga shi tana gudana, Allah ya kai masa ladan. Amma ba zan ɓoye miki ba, ban shirya haɗuwa da shi a tsakiyar kasuwa ba. Na dawo gida ban sayi shinkafar ba.

Yayyenki suna gaishe ki. Allah ya yi muku albarka.

Mahaifiyarki,
Kulu


Kura
Watan Janairu

Ummukulsum,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da fatan kowa lafiya, da karatun maigidan, Allah ya ba da sa'a. Mu nan an shiga ɗiban tumatir, hanyar Zariya ta cika da kwanduna, kuma bana ya yi kyau.

Kin ce in yi murna, haruffan sun samu karɓuwa. Ina yi, amma ki bar ni in faɗa miki yadda murnar take. Yanzu ba na fita in dawo ban gan shi ba. Yana jikin ledar burodi, yana bayan Adaidaita Sahu, yana kan takardar saukar karatu ta Islamiyya. Iliyasu mai shagon kwamfuta ya ce mini daga nan har Bunkure babu mai buga takarda da bai sauke su ba, don sun fi saura fitar da Hausa yadda take. Wani lokaci da azahar, in gari ya yi tsit, sai in ji warin fenti da kananzir a zaure, alhali na kyautar da gwangwanayensa tun fitata takaba.

Akwai abin da ba ki sani ba, don kin bar garin nan kina yarinya. Mutanenmu ba karanta allon babanku suke yi ba, gane shi suke yi. Kin san halinsa, ba ya rubuta abin da bai tabbatar ba. Akwai mai shagon da ya so a sa masa Alhaji a allo, babanku ya ce ya bari sai ya je ya dawo. Wani ya kawo masa aikin Ingantaccen Iri, ya karɓi ƙwayar ya shuka a bayan gida, bai taɓa burushi ba sai da ya ga tsiro. Allon ƙungiyar masu amfani da ruwa da ke faɗin ranar da za a sako wa kowane layi ruwa, shi yake rubutawa, kuma ba a taɓa musu a kai ba. Amininsa Hambali ba ya karatun boko, amma daga kan babur yake gane hannunsa. A wurinsu wannan hannu shaida ne.

Shekaranjiya a gidan suna Sa'a matar Hambali ta ja ni gefe. Ta ciro katin ɗaurin auren 'yar ƙaninta daga jaka, ta yi ƙasa da murya ta tambaye ni yadda aka yi Malam ya san ranar, tunda bayan rasuwarsa aka sa ta, shi kansa angon ma a lokacin bai fara zuwa zance ba. Na yi mata bayanin kwamfuta da naki aikin dalla-dalla, irin bayanin da nake wa 'yan aji uku. Ta gyaɗa kai kawai, irin gyaɗa kan da ake yi wa wadda aka yi wa rasuwa don kada a ɓata mata rai. Da na juya na ga mata sun zuba mini ido.

Na yi dariya a hanya, amma dariyar ba ta kai ni gida ba.

Ki shafa mini kan Amiru.

Mahaifiyarki,
Kulu


Kura
Watan Maris

Ummukulsum,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Mu jikinmu lafiya, amma garin babu daɗi.

Da zafi ya fara, sharon ta shigo, tsutsar nan da ke cinye tumatir daga ganye har 'ya'ya. Kowa ya rikice yana neman magani. Sai ga wani baƙo a Kwanar Gafan da mota da lasifika, yana sayar da maganin feshi a 'yan kwalabe masu araha. Mutane sun tsaya nesa suna kallo, don an sha cutar su. Hambali ne ya matsa ya ɗauki kwalba ɗaya. An rubuta a jiki da Hausa tsantsa: Maganin Sharon, Ingantacce, An Gwada. Da hannun babanku, Ummu. Waɗanda suke wurin sun ce Hambali ya ɗaga kwalbar sama ya ce wa jama'a su saya hankali kwance, Malam ba ya sa hannunsa a kan abin da bai gwada ba. Kafin la'asar motar ta koma babu komai.

Cikin 'yan kwanaki ganye ya ƙone kamar an bi shi da wuta. Gonar Hambali, ta ƙannensa, da ta mutane da yawa ta wajen Bunkure da suka saya saboda maganarsa. Na je da ƙafata na gani. Ruwa na gudu a kanal yadda ya saba, ga kwanduna an jibge a bakin gona ana jiran ɗiba, babu abin ɗiba. Kwalaben suna zube a kan kunya, ko'ina na duba sunan maganin yana kallona da rubutun mijina.

Na zauna a gida ina jiran a zo a zage ni, na ma fi son haka. Hambali ne ya zo, ya yi sallama ya zauna a zaure inda ya saba zama da babanku, muka gaisa ta bayan labule. Ya ce kada in sa komai a raina. Shi ya san abin da ya faru, wani azzalumi ne ya zo wa Malam lokacin da yake kwance, ya ba shi magani mai kyau ya gwada, da ya rubuta sai aka sauya abin da ke ciki. Ya ce an cuci Malam kamar yadda aka cuce su, kuma shi ya yafe duniya da lahira. Na buɗe baki in sake yin bayanin kwamfuta, kuka ya riga ni. Mutum ya rasa noman raninsa gaba ɗaya, ya tako ya zo yana kare wanda yake ganin ta hannunsa abin ya biyo.

Ummu, ki janye su. Na san abin da takardar ta ce, ban manta ba, amma ke kika saka su, dole akwai inda ake cirewa. Ki roƙi masu wurin, ki ce musu mai haruffan ya rasu, matarsa ce ke roƙo.

Ga kuma abin da ya hana ni sukuni. Babanku ya ce sadaka ce da za ta riƙa bin sa kabari. To in lada yana bin hanya ya same shi, wannan fa? Ta wace hanya za a tare shi?

Ki kira ni in kin samu wannan.

Mahaifiyarki,
Kulu


Kura
Watan Afrilu

Autata,

Assalamu alaikum. Ina fata kin daina kukan. Ban rubuto don in ɗora miki laifi ba, a gabana ya ce ki sake su, kuma da zai dawo zai sake faɗa.

Na fahimci bayaninki. Ko kin goge naki, suna cikin kwamfutar Iliyasu da ta wasu da ba mu san iyakarsu ba, kuma kowa da izini ya ɗauka. Ruwan da aka riga aka sako ya shiga gonaki, rufe ƙofar kanal ba ya dawo da shi. Na kuma gane cewa laifin mutumin nan a maganin yake, ba a haruffan ba. Shugabannin ƙungiya sun kai ƙara, amma babu wanda ya san sunansa na gaskiya.

Na aika wa Liman da tambayata. Ya ce in kwantar da hankalina, wanda ya yi alheri da kyakkyawar niyya ba a ɗora masa zunubin wanda ya karkatar da shi. Na yarda, na kuma ji sanyi game da kabarinsa. Amma fatawa ba ta tsirar da tumatir.

Takardar gargaɗin da kika tsara kika turo, mun buga mun manna. Ta yi kyau, kuma na ga hikimarki ta yin ta da wasu haruffa dabam. Sai dai babu mai tsayawa. Na laɓe a inuwa kusa da masallaci ina kallo, mutane na wucewa kamar bango ne kawai. Sa'a ta ce Hambali ya ɗauka sanarwar haraji ce.

Ita ce kuma ta faɗa mini an fara yawo da samfurin sabon irin shinkafa a 'yan ledoji, wai za a kawo shi da yawa kafin ruwa ya sauka. Ta ga ledar, hannun babanku ne. Hambali ya sa rai da shi zai mayar da asararsa, har yana cewa ba za a yaudari Malam sau biyu ba. In wannan irin bai tsiro ba, Ummu, damina ce za ta tafi, kuma ita ce abincin gidajen nan.

Na san abin da ya kamata in yi. Ƙafata ce ta ƙi zuwa.

Mahaifiyarki,
Kulu


Kura
Watan Yuni

Zuwa ga Ummukulsum,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da maigidan da Amiru, da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. An yi ruwan shuka, ƙasa ta jiƙu. Ki zauna kafin ki karanta sauran.

Na je shagon Iliyasu. Ban same shi ba, sai wata Khadijat da ke riƙe masa wurin, 'yar Dawakin Kudu ce, ba ta san ni ba. Na ce takarda nake so a buga manya-manya da haruffan Malam. Ta ce wane Malam. Na ce masu ƙugiya. Ta juyo mini da fuskar kwamfutar, ga sunayen haruffa jere ba iyaka, ta ce Hajiya ki faɗi sunan kawai in nemo. Ummu, tun ranar da aka kai ni ɗakinsa ban taɓa kiran sunan babanku da bakina ba, ko a bayan idonsa. Na nemi in rubuta mata, babu biro a kusa, ga mutane a bayana suna jira. Sai na faɗa. A cikin shago, gaban baƙuwa, ana ƙarar janareta. Ita ko a jikinta, ta ce au, Sammani, ai shi kowa ke so.

Na riƙa faɗa tana bugawa, ina kallon kalmomin suna fitowa ɗaya bayan ɗaya da hannunsa, a hankali, kamar yana tsaye a bayan gilashin da burushi. Ban yarda in yi magana da bakinsa ba, don bai taɓa rubuta ƙarya ba, ba zan sa shi ya fara yanzu ba. Ga abin da na ce:

MAI WANNAN HANNU YA RASU. Bai ga wannan takarda ba. Bai ga kwalbar ba, bai ga irin ba. Inji ne ke rubutawa yanzu, kuma yana yi wa mai gaskiya da maƙaryaci. Kada ku ƙara sayen komai saboda wannan rubutu. Ku gwada da kanku.

Da layin farko ya fito na riƙe gefen tebur. Khadijat ta tambaye ni ko a ƙara masa girma, na ce a ƙara.

Yayanki Abdulsamad ya manna su a masallacin Juma'a, da bakin kanal, da Kwanar Gafan, har Bunkure ya kai. Wannan karon mutane sun tsaya. Ya ce bayan an idar da salla sai da aka yi cincirindo, masu karatu suna karanta wa marasa yi. Hambali ya sa aka maimaita masa, ya matsa ya shafa takardar da tafin hannu, ya daɗe a tsaye. Daga nan ya ce wa na kusa da shi hannun Malam bai taɓa yi musu ƙarya ba, in ya ce bai gani ba, to bai gani ba. Kin ji yadda abin ya kama su. Da yardar da suka yi masa na rusa yardar, ban da wata hanya.

Masu irin sun zo ranar kasuwa da mota cike. Mutane suka ce a ba su cikin hannu ɗaya su jiƙa a tsumma su ga tsiro tukuna. Aka yi ta ja-in-ja, masu motar suka ce za su dawo mako mai zuwa. Ba su dawo ba. Kowa ya koma wa irinsa na gida, Hambali ma ya zuba nasa, ya fito kore shar.

Na ɗauka shi ke nan. Wata rana da hantsi ina tankaɗe sai na ji motsi a ƙofar gida, ana shimfiɗa tabarmi. Na leƙa. Hambali ne da ƙannensa, da dattawan ƙungiya, da mutanen Bunkure da ban ma san fuskarsu ba, sun zauna jere a inuwar bango sun sunkuyar da kai. Sa'a da mata suka shigo ciki ɗaya bayan ɗaya, babu mai ɗaga murya. Gabana ya faɗi, na tambayi wa ya rasu. Sa'a ta durƙusa ta kama hannuna ta ce yaya haƙuri.

Gaisuwar babanku suka zo yi, Ummu. Sama da shekara da binne shi, kuma yawancinsu da su aka ɗauki makararsa. Daga zaure na ji muryar Hambali yana cewa a isar mini, wancan karon sun raka shi ne kawai, amma kullum suna ganinsa a hanya, sai yanzu Malam ya gaya musu da kansa cewa ya rasu. Liman ya yi addu'a, aka shafa. Na amsa musu yadda ake amsawa, na sa aka dama fura aka fitar. Ban ce musu kwamfuta ba ko sau ɗaya.

Kada ki yi nadamar sakin haruffan, ki bar su su yi ta yawo, yara su koyi ƙugiya a inda take. Gonakin mutane sun tsira, shi ma abin da zai zaɓa ke nan. Amma da suka naɗe tabarmi suka tafi, na zauna a tsakar gida na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da shi. Ke kina nesa, babu wanda zai zo ya shimfiɗa miki tabarma, don haka ni zan yi miki. Yaya haƙuri, autata? Babanku ya rasu. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya sa mu cika da imani.

Ki gaida mutanen gidan. Sai na ji daga gare ki.

Mahaifiyarki,
Kulu